Daga Littafin Baffa Zuwa Jakar Ummi: Yadda Darussan Makarantunmu Suka Yi Ta Sauyawa

Akwai wani tsohon littafin rubutu a cikin adakar baffana, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi elementare a Lardin Zazzau a farkon shekarun 1940. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefe guda, amma rubutun yana nan raɗau. A bangon ciki ya jera darussan mako da hannunsa: Karatu, Rubutu, Lissafi, Labarin Ƙasa, Kiwon Lafiya, Addini, Aikin Hannu, Gona. Duk da Hausa. A wani shafi ya zana sauro, ya ja kibiya zuwa bakinsa, ya rubuta yadda yake sa zazzaɓi da dalilin da ya sa ake cike kududdufi. Wani shafin kuma lissafin fam da sule da kwabo ne, na manomin da ya kai gyaɗa sikeli.

Lokacin da na ci karo da littafin, 'yata tana aji huɗu a wata firamare a nan Kaduna. Na zazzage jakarta na ƙirga littattafan rubutu 13. Na buɗe na kimiyya, na tarar ta kwafe shafi biyu cur da Turanci a kan yadda tsiro yake haɗa abincinsa da hasken rana, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Na ce, "Ummi, me wannan yake nufi?" Ta ce, "Baba, Anti ta ce mu haddace, zai fito a jarrabawa."

Kada wani ya ɗauka yabon Turawan mulkin mallaka zan yi. Makarantar da baffa ya yi an ƙuntata ta ne da gangan, kuma yaran da suka shige ta ba su taka kara sun karya ba in an gwada da yawan jama'a. Abin da ya dame ni shi ne, cikin shekara kusan 80 da ke tsakanin littafinsa da jakar Ummi, an sauya sunayen darussa sau da yawa, an ƙara an rage, an haɗe an raba, amma ba a taɓa tsayawa an warware abubuwan da Bature ya ƙulla tun farko ba: harshen da za a koyar da yaro, matsayin karatun allo, da darajar aikin hannu. Kuma duk wata manhaja da aka rubuta a Legas ko Abuja, in ta iso aji, ba ta wuce abin da malamin da ke tsaye gaban allo ya iya.

Kafin Bature ya zo, ƙasar nan tana da tsarin karatunta. Yaro ya fara da babbaƙu da farfaru a allo, ya yi ta tafiya har ya sauke. Wanda zai ci gaba ya koma zaure ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, daga nan ya shiga nahawu da lugga da tafsiri da lissafin rabon gado. Birnin Zariya ya yi suna a nahawu, har daga nesa ake zuwa ɗauka. Lugga ɗin Turawa, wato Gwamna Lugard, da kansa ya ƙiyasta a 1914 cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, da almajirai fiye da 218,000. Ke nan boko bai tarar da fili fetal ba. Ya tarar da makaranta mai malamanta da littattafanta da hanyar da ɗalibinta yake bi ya zama alƙali ko limami ko magatakardan sarki.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba. Daga wannan alkawari aka taƙaita shigar 'yan mishan garuruwan Musulmi, sai ya zama dole gwamnati ta buɗe makarantarta da kanta. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Sai da ya je ya duba makarantun Masar da Sudan, sannan ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano a 1909: ajin malamai, ajin 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'a. Darussan su ne kusan waɗanda na gani a littafin baffa. Ana koyarwa da Hausa, Turanci sai can gaba, kuma ga kaɗan.

Me ya sa haka? Mulkin ya tsaya ne a kan sarakuna da En'e, don haka ana bukatar malamin haraji da ma'aji da malamin asibiti da malamin gona da malamin daji, mutanen da za su iya cike littafin kuɗi, su auna gona, su rubuta wa Di'o rahoto. Ba a neman lauya, ba a neman ɗan jarida. Turawan Arewa sun ga yadda 'yan bokon Legas suka koyi Turanci suka juyo suna yi musu gardama a jarida, ba sa so a maimaita a nan. Saboda haka koyarwa da Hausa, wadda a wajen yaro alheri ce, a wajen mai mulki shinge ce. Wannan tarihin ne ya sa har yau in ka ce a koyar da yara da harshen gida, wani dattijo zai ce maka so ake a sake barin mu a baya. Yana da hujjarsa.

Hukuncin da ya fi kowane nauyi, a ganina, shi ne zaɓen baƙaƙen boko a kan ajami don aikin ofis da makaranta. Vischer ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko tun 1912. Daga ranar da takardar En'e ta koma boko, malamin da ya shekara 20 a zaure, wanda yake rubuta wasiƙa da waƙa da hukunci, ya wayi gari hukuma tana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Rafin ilimi ya rabu biyu daga nan, ɗaya yana kaiwa ga albashi, ɗaya yana kaiwa ga sadaka. Da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, don samar da alƙalai aka yi ta. Gada ce siririya, mutum kaɗan ta ɗauka.

A saman tsarin boko akwai Kwalejin Katsina, wadda ta fara a 1921 don horar da malamai. A can ne aka koyar da Turanci sosai, da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, har da wasan kurket da fayis. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam duk can suka fito. An dawo da ita Kaduna a 1938, inda Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi ta, sannan ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Tsakaninta da elementare aka kafa makarantun midil a larduna tun wajen 1930, bayan an haɗe ma'aikatun ilimin Kudu da Arewa a 1929. Tsani ne mai ƙunci ƙwarai: elementare da yawa kaɗan, midil ɗaya a lardi, kwaleji ɗaya a duk Arewa. 'Ya'ya mata kuwa sai 1930 aka buɗe musu ajujuwa a Kano da Katsina, kuma abin da ya fi yawa a jadawalinsu ɗinki ne da girki da renon yara da tsabta.

Amma akwai abu guda da zamanin ya yi wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Da suka ce za a koyar da Hausa, sun samar da abin karantawa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi. Ita ta shirya gasar rubuta labarai ta 1933. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, don karatun 'yan makaranta aka yi shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Kamfanin Gaskiya ya tsaya da ƙafarsa a Tukur-Tukur a 1945. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta yi ta buga ƙananan littattafai masu arha a kan noma da lafiya da tarihi. Wato an yi doka, an kuma bi ta da maɗaba'a da marubuta da kuɗi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jihar Kaduna ta yau ta fi ko'ina nuna yadda tushen ya rarrabu, domin a nan akwai kafa ta uku. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mayar da su Wusasa a 1929. A kudancin lardin, inda alkawarin Lugard bai shafa ba, mishan ɗin SIM ta kafa a Kwoi da Kagoro, Katolika ma suka shiga. Makarantunsu sun fara ne da karatun Littafi Mai Tsarki, yawanci da Hausa, musamman bayan an buga cikakkiyar fassararsa a 1932, sannan aka ɗora Turanci da lissafi. A cikin garin Kaduna kuwa, wanda ya zama hedikwatar Arewa a 1917, ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna daga Kudu sun zo da coci-cocinsu da makarantunsu, inda yaro yake fara Turanci da wuri. Daga baya aka sami manyan kwalejojin mishan irin su Queen of Apostles a Kakuri da St. John's da St. Paul's a Wusasa. Yara uku a lardi ɗaya, ɗan allo da ɗan En'e da ɗan mishan, kowa da abin da ake karantar da shi, kuma kowa da ƙofar da za ta buɗe masa.

Siyasar shekarun 1950 ce ta juya komai. Da aka ba jihohi ikon tafiyar da iliminsu, Yamma ta fara firamare kyauta a 1955, Gabas ta bi a 1957. Arewa ta duba ofisoshinta na Kaduna ta ga galibin kujerun akawu da injiniya da likita ba 'ya'yanta ne a kai ba, ga 'yanci yana ƙaratowa. Aliyu Makaman Bida ya riƙe ma'aikatar ilimi, Isa Kaita ya gaje shi a 1957, kuma aikin da ke gabansu shi ne su fitar da ma'aikata cikin gaggawa. Aka mayar da midil-midil sakandaren lardi, aka yi firamare ta shekara 7, aka yawaita kwalejojin horon malamai. Mabuɗin duk wannan kuwa takardar shaidar jarrabawa ce, ta Kambirij da farko, sannan ta WAEC da aka kafa a 1952. Jarrabawar da Turanci ake yin ta. Daga nan Hausa ta fara komawa "banakula", abin da ake rubuta sunan yaro a kansa a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. Gona da aikin hannu, waɗanda dama iyaye suke yi wa kallon dabarar Bature ta hana 'ya'yansu hawa, suka koma horo. Wanda ya makara shi ake miƙa wa fartanya. Yaron da aka hora da noma shekara 5, da wace fuska za ka ce masa ya ɗauki noma sana'a?

Ba a zauna haka kawai ba bayan 1960. Rahoton Ashby na wannan shekarar ya ce ƙasar tana bukatar ƙwararru masu yawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, makarantar koyon fasaha da aka kafa a Kaduna a 1956 ta girma ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. Masaƙar Kakuri tana aiki tun 1957, don haka mai takardar fasaha yana da inda za shi. A ɓangaren addini, gwamnatin Sardauna ta yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar: ta tallafa wa Islamiyyu masu aji da benci, ta kafa hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wadda ita ce NBAIS ta yau mai hedikwata a Kaduna, aka kuma gina Kwalejin Sheikh Sabah da gudummawar Kuwait, wadda muke kira Sardauna Memorial. Juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa suka katse tafiyar tun ba ta yi nisa ba.

Ana cikin yaƙin, a Satumban 1969, aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas. Wannan ne karo na farko da 'yan Nijeriya suka zauna da kansu suna tambayar me suke so makaranta ta mayar da ɗansu. Farfesa Babs Fafunwa yana cikin jagororinsa. Daga taron, da wani zama na 1973 ƙarƙashin Cif Simeon Adebo, aka haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Duk wanda ya karanta takardar zai ga hankali a cikinta. Ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Ta ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarabanci bayan nasa. Ta kawo tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a, inda ƙaramar sakandare za ta ɗanɗana wa yaro sana'a da fasaha, don wanda ba zai wuce jami'a ba ya fita da abin yi. Ta ce a riƙa auna yaro a kai a kai, kada a rataye rayuwarsa a jarrabawar rana ɗaya. A daidai wannan zamani, a farkon shekarun 1970, gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa ta karɓe makarantun mishan: St. John's ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta zama Kufena. Manufar ita ce a haɗa yara a inuwa ɗaya, ko da yake har gobe akwai masu ganin an yi musu ƙwace, kuma ba a riƙe makarantun yadda masu su suka riƙe su ba.

Sai dai kafin takardar 1977 ta fito, an riga an buɗe ƙofa. A Satumban 1976 Janar Obasanjo ya ƙaddamar da UPE, firamare kyauta ga kowa. An yi shirin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, wajen miliyan 3 suka zo. Ina malamai? Aka shiga horon gaggawa, aka ɗebo waɗanda suka gama firamare da waɗanda sakandare ta ƙi, aka yi musu kwas aka tura su aji. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke kan hanyar Zariya, a 1976 aka kafa ta don ta cike wannan giɓi ta hanyar karatu daga nesa. Ban ga laifin buɗe ƙofar ba, domin da ba a buɗe ba da irinmu 'ya'yan talakawa da yawa ba mu shiga ba. Amma tun daga ranar manhaja take gaba, malami yana baya, kuma bai taɓa cim mata ba.

Ni ɗan 6-3-3-4 ne, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Darasin da aka fi yi mana alkawari a kansa shi ne gabatarwar fasaha, wanda muke kira Intiro-tek. Gwamnatin tarayya ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu. Namu sun iso cikin manyan akwatunan katako, aka jibge su a wani aji da babu wuta. Muna leƙawa ta taga muna ganin ƙarfe ta tsakanin katakon, an shafe shi da man giris, an naɗe da leda. Malaminmu, mutumin kirki, lissafi ya karanta. Sai ya zana zarto a allo, ya rubuta sunayen sassansa, mu kwafe. Wata rana wani ɗan ajinmu, wanda mahaifinsa kafinta ne a Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in kawo na babanmu gobe mu gani?" Malam ya yi shiru, sannan ya ce ya kawo. Ranar ce kaɗai cikin shekara 3 muka yanka katako. Har muka fita ba a buɗe akwatunan ba. Kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsuke bakin aljihu ya zo, shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya biyo a 1986, ba a gina ɗakunan sana'a ba, ba a horar da masu koyarwa ba. Daga baya masaƙun Kakuri ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ya zama ko ka koyi fasahar babu masana'antar da za ta ɗauke ka.

Labarin darasin tarihi ya fi yi mini ciwo. A zamanin Turawa ana karanta sarakunan Ingila da yadda Bature ya "gano" Kogin Kwara. Masana irin su Kenneth Dike a Ibadan da Abdullahi Smith a Zariya suka yi aiki tuƙuru har tarihin Afirka ya sami kujera a jami'a da jarrabawa. Smith ne ya kafa Gidan Arewa a nan Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Amma a ƙananan ajujuwa sai aka narkar da tarihi da labarin ƙasa cikin nazarin zamantakewa, wanda yara ke kira soshiyal, darasin da aka aro salonsa daga Amurka a shekarun 1960. Da aka fito da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 a 2007, tarihi ba ya cikinta a matsayin darasi mai zaman kansa. Aka tashi yara a garin da ke da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Zauren Lugard, ba su san me ya faru a cikinsu ba. An sanar da dawo da shi a zamanin minista Adamu Adamu, aka sake ƙaddamarwa a 2022. Sai dai shekarun da aka yi babu shi sun sa ɗalibai sun guje wa karanta shi a kwalejojin ilimi, don haka yanzu masu koyar da shi ake nema.

Sauran sauye-sauyen sun zo a gurguje. Zamanin Abacha aka ɗaga Faransanci ya zama dole a takarda, a makarantun da ba su taɓa ganin malaminsa ba. UBE, shirin ilimin bai-ɗaya kyauta, ta zo a 1999. Manhajar 2007 ta tara wa yaro darussa har wajen 20, aka sake dubawa aka matse su zuwa 10 daga 2014, ta hanyar cusa da yawa ƙarƙashin suna ɗaya. A nan ne aka haɗa addinin Musulunci da na Kirista da soshiyal da tarbiyyar ɗan ƙasa da ilimin tsaro a rumfa guda, hayaniya ta tashi daga masallaci da coci, aka raba su a 2017. Babbar sakandare ta sami darussan sana'a fiye da 30 a 2011. A 2025 an sake fito da sabuwar manhaja, an rage yawan darussa, an taƙaita sana'o'in zuwa 6, ciki har da haɗa sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo. Zaɓin ya yi ma'ana, domin ayyuka ne da matasa ke ci da su a Kasuwar Barci da Panteka. Tambayar da zan yi ita ce wadda akwatunan makarantarmu suka koya mini: wa zai koyar, kuma da wane kayan aiki?

Mu dawo kan harshe. Dokar shekarun farko ta 1977 ba a taɓa bin ta da littattafai da horon malamai yadda aka bi ta elementare a zamanin Hukumar Talifi ba, alhali gwajin da Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ce harshen uwa zai kai har aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, Turanci ne daga tushe, ya kafa hujja da faɗuwa jarrabawa. Ni dai ban ga ajin da aka kawo wa littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa cikin waɗannan shekaru 3 ba, balle a ce an gwada an ga bai yi ba. Abin da ke faruwa a ajin gwamnati a Rigasa ko Unguwar Sanusi kowa ya sani: malama ta rubuta da Turanci, ta yi bayani da Hausa in ta ga idanu sun yi fari, yara su kwafe, jarrabawa ta zo da Turanci. Na san Kaduna ba Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara da sauransu, kuma iyayen da ke tsoron Hausa ta haɗiye harshensu suna da gaskiya. Wannan dalili ne na a zauna unguwa-unguwa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a duba wane harshe yaran ajin suke ji, a buga musu littafi da shi, a kuma koyar da Turanci a matsayin darasi da malamin da ya iya shi.

Malamin kuwa shi ne inda komai yake tsayawa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta sa ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta yi fatali da yadda aka yi gwajin. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, waɗannan malamai ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan ajin da aka cika da yara ne, waɗanda su ma kwafe suka yi suka haddace. An rushe kwalejojin horon malamai na Gireti Tu, inda ake ɗaukar yaro tun yana ɗanye a shekara 5 ana koya masa yadda ake riƙe aji da yadda ake koyar da baƙi da wasali, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaida. Takardar ta ɗaga, amma kwalejin ilimi ta zama inda mai neman jami'a yake fakewa in bai samu ba.

Yau yarinya kamar Ummi tana ɗauke da karatu biyu ko uku a wuni ɗaya: boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu har da allo bayan asuba ko hadda a ƙarshen mako. Iyaye ne suka ɗinke da kansu abin da hukuma ta kasa ɗinkewa tun 1909, da kuɗinsu da barcin 'ya'yansu. Wanda ba shi da hali ya zaɓi ɗaya, kuma almajirin da ke tsangaya har yanzu haddarsa da rubutunsa ba su da gurbi a takardar shaidar da ofis yake karɓa, duk da makarantun tsangaya na zamani da aka fara ginawa a 2012 da hukumar almajirai da aka kafa a 2023. Da za a tambaye ni, sai in ce a dakata da sake jera sunayen darussa na wasu shekaru. A kashe kuɗin a kan littattafan aji ɗaya zuwa uku da harsunan yara, a kan horar da malamin da zai riƙe su, a kuma ba gwanayen Panteka da teloli da masu haɗa sola damar shiga makaranta su koyar da hannu, ko a kai musu yaran rumfunansu.

A daren da na ga shafukan nan biyu, na sa Ummi ta samo gwangwanin madara biyu, muka zuba ƙasa, muka shuka wake. Ɗaya muka ajiye a bakin rijiya inda rana take bugawa, ɗaya muka tura ƙarƙashin gado, tana ba su ruwa kullum kafin ta tafi makaranta. Bayan kwana 10 ta jawo na ƙarƙashin gadon, ya yi tsawo siriri, ganyen ya yi fari-fari, ya langaɓe. Ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa kore shar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ruga ɗaki ta ɗauko littafin kimiyyar ta buɗe shafin. Ta ce, "Baba, wannan yunwa yake ji ko? Karanta mini wurin da aka ce rana."